Kyautar Doki, Sadakar Mota

A watan Fabrairu na 2016 an yi gwanjon wata mota a birnin Landan, a gidan gwanjon da ake kira Christie's. Aston Martin ce, samfurin DB10, ɗaya daga cikin 10 kacal da aka ƙera saboda wani fim na James Bond, kuma ko titi doka ba ta yarda a hau da ita ba. Duk da haka sai da aka taya ta har fam miliyan 2 da dubu 400 da ɗoriya, abin da ya kai wajen miliyar 2 na sefa a canjin wancan lokaci. Kuɗin sun tafi wajen ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda duk wanda ya ga yunwar 2005 a Nijar ya san ta da jinyar yara masu tamowa. Ga Ingilishi wannan ba baƙon abu ba ne. Attajiri ya tsufa, ko ya mutu ya bar wasiyya, sai a fito da tsohuwar Rolls-Royce ko Bentley ko Jaguar daga gareji, a wanke ta, a kai ta gwanjo, kuɗin su tafi asibiti ko gidan marayu. Shi kansa Sarki Charles, a 1995 yana yarima, ya sa an yi gwanjon wata Aston Martin da Sarkin Bahrain ya ba shi, aka zuba kuɗin a gidauniyarsa.

Da kakana yana da rai aka ba shi wannan labari na ƙarshe, ba sadakar za ta shiga kunnensa ba, sayarwar ce. Sarki ya ba ka abin hawa, ka kai shi kasuwa? A Matankari ko Tibiri ta zamaninsu, wanda ya yi haka ya gama zubar da girmansa, ko da marayun duniya duka ya ciyar da kuɗin. A ƙasar Arewa abin hawa mai daraja yana da hanyarsa, sadaka tana da tata, kuma an daɗe ƙwarai hanyoyin biyu ba su gamu ba. Da suka zo suka gamu a zamanin mota, gamon bai yi daɗi yadda aka zata ba.

Arewar da nake nufi ita ce wadda ke kwance a Dallol Mauri, tun daga Sukukutan da Dogon Kiriya, ta biyo Matankari da Dogon Dutsi, ta gangara Kore Mairuwa da Tibiri da Dumega da Geceme. Labarin baka ya ce Gubawa ne masu ƙasa. Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji ikonsu yana kan ƙasa da damina da iskoki da dutsen Tunguma mai yanke shari'a, ba a kan sirdi yake ba. Sai ga baƙo daga Barno, Ari, ya auri ɗiyar Baura, daga tsatsonsa Arawa suka fito, sarauta ta zama tasu. Ko ba a ɗauki labarin dalla-dalla ba, rabon da ya bayyana gaskiya ne kuma kowa ya gan shi: wasu suna riƙe da ƙasa, wasu suna riƙe da linzami. Doki kayan mulki ne tun ranar farko.

A ƙarni na 19, lokacin da Kabi ta ɗaga kai a ƙarƙashin Yakubu Nabame a 1849, ta haɗa gwiwa da Zabarma da Dandi da wani yanki na Arewa suna fafatawa da Sakkwato da Gwandu, doki ne ke raba mai hari da wanda ake kai wa hari. Ingarma mai kyau ya fi bawa tsada a kasuwa, wani lokaci ma bayi da yawa ake bayarwa a karɓi guda. Wannan magana ba ta da daɗin faɗa, amma ita ce gaskiyar farashin. To basarake ba ya tara dawaki don ya riƙa kallonsu a turke. Rabawa yake yi. Ya ba jarumi, ya ba ɗan sarkin da yake tsoron ya yi masa tawaye, ya ba malamin da ke yi masa addu'a, ya aika wa Argungu da gaisuwa. Duk wanda ya karɓi doki ya karɓi igiya a wuyansa: ranar da aka buga tambari, dole a gan shi a bayan mai kyauta. Shi ya sa sayar da irin wannan doki yake daidai da yanke zumunci a bainar jama'a.

Kakana na wajen uba a barga ya tashi, a gidan wani basarake na kudancin dallol, bayan yaƙe-yaƙen sun ƙare amma al'adar tana nan da ranta. Ya san doki kamar yadda uwa ta san ɗanta. Ina yaro yakan lissafa mini abin da ingarma ɗaya ke ci: dawa safe da yamma, harawa, dusa, kanwa, ciyawar da yaro guda zai wuni yana yankowa, ruwan da za a ja daga rijiya, ga wanka, ga kilisa, ga hayaƙin korar ƙuda da damina. Abincin gida guda ke nan a shekarar da hatsi bai yi ba. Tun kafin dokin ya shiga gida ma an fara kashe kuɗi, don wanda ya jawo shi sai an ba shi tukuici mai kauri, makaɗan da suka rako shi su ma ba za su koma hannu sake ba. Ya taɓa ba ni labarin wani talaka mai baki da ya dami fada da ƙorafi, sai aka yi masa kyautar doki. Bai isa ya ƙi ba, bai isa ya sayar ba, bai isa ya bar shi ya rame ba. Kafin damina biyu rumbunsa ya ƙare, bakinsa ya mutu. Kaka ya yi dariya har da tari, ya ce da ni: "Jikalle, wanda yab ba ka doki bai ba ka dawa ba, wahala yab ba ka."

Sadaka kuwa ba ta taɓa hawa sirdi ba. Sadakar Arewa abin ci ce da abin sha da abin rufa jiki: gumba da waina ranar Juma'a, tsaba ga almajiri, damin zakka ɗaya cikin goma bayan girbi, randar ruwa a bakin hanya, rijiya, likkafani ga baƙon da ya mutu. Ko kafin Musulunci ya game ƙasar, abin da ake fitarwa don neman tsari hatsi ne da kaza da akuya. Sadaka ba ta da tukuici, ba ta ɗaure wanda aka ba, kuma an fi son hannun hagu kada ya san abin da na dama ya yi. Kyauta tana son shaidu da kiɗa. Abubuwa biyu ke nan da suke kama da juna daga nesa, alhali kowanne da inda ya dosa.

Ba wai addini ya hana sadakar abin hawa ba. Malaman Malikiyya sun yarda a yi wakafin dabba da makami da littafi, ba sai gona ko gida ba. Malamin da ya karantar da mu Muwaɗɗa a zaure ya tsaya a kan labarin Sayyidina Umar, wanda ya ba da doki saboda Allah, wanda aka ba ya bar shi ya lalace har ya fito da shi kasuwa da araha. Umar ya so ya saye abinsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi komawa kan sadakarsa. Malam hukuncin yake so mu riƙe. Ni kuwa, jikan mai barga, hankalina ya tafi wajen mutumin nan da dokin ya rame a hannunsa, ina raya wa a zuciyata cewa abincinsa ne ya gagare shi.

Yadda mota ta iske mu kuma yana da nasa labarin, kuma saura ƙiris da Ingilishi ne suka kawo mana ita. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka sa wa hannu a Paris ranar 14 ga Yuni 1898 ta ja iyaka ta bi Dallol Mauri har ta haɗu da wata da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato. Da wannan zane, Matankari da Dutsi da Ƙonni duk sun faɗa rabon Ingila. Lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu a watan Afrilu na 1899, ta wuce ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba, a takarda cikin ƙasar Ingilishi take ɓarnarta. Faransawa sun ga cewa hanyar da aka bar musu daga kogin Kwara zuwa Damagaram babu ruwa a kanta, ayarinsu yana shan wuya ta arewa. Suka yi ta ciniki har aka sake zane a 1904, aka ƙara gyara shi a 1906, Arewa ta tsage biyu: mu muka zama na Faransa, ƴan'uwanmu na Kangiwa suka zauna wajen Ingila. A 1906 ɗin nan aka kafa bariki a Dogon Dutsi, garin ya fara yi wa Matankari fintinkau. Abin dariya, a shekarun nan biyu ne dai Charles Rolls da Henry Royce suka haɗu a Manchester, 1904, suka kafa kamfaninsu, 1906. Rijiyoyin dallol ne suka raba mu da motarsu.

A hayin iyaka, Ingilishi sun bar sarakuna da fadarsu da baitulmalinsu, don haka mota ta shiga barga ta zauna kusa da doki ba tare da faɗa ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana cikin na farko da suka hau mota, ya je Makka ya je Ingila a 1921, amma bai saki dawaki ba, shi ne ma ya raya wasan folo a Katsina. A Kano tsohuwar Rolls-Royce ta fada ta zama kayan sarauta kamar laima da tambari, dogarai suna gudu a gefenta kamar yadda zagage ke yi wa doki. Ko a ƴan shekarun nan da aka yi ta magana a kan Rolls-Royce biyu na Sarki Muhammadu Sanusi II, amsar da fada ta bayar ita ce kyauta ce daga abokansa. Kowane Bahaushe ya gane wannan amsa, don tsohuwar hanyar doki ce aka bi da sabon ƙarfe.

Mu namu rabon daban ne. Faransawa ba su bar wa sarakunanmu irin wannan ƙarfi ba, mota ta zo mana a matsayin kayan kumandan. A ƙarshen 1924 ayarin motocin Citroën guda 8 masu sarƙa a baya, wanda Haardt da Audouin-Dubreuil suka jagoranta daga Colomb-Béchar ta Aljeriya, ya ratso hamada ya sauko Yamai, ya kama hanyar Doso zuwa Damagaram. Mahaya masu lifidi suka tarbe su, aka ɗauki hoto aka kai Paris. Abin da hoton bai nuna ba shi ne wanda ya share hanyar. Kakana ya yi aikin dole a kanta. A cewarsa gardi ne ke zuwa wajen mai gari da adadin mutanen da ake so, ko ana tsakar noma. Kwando a ka, gammon tsumma, a ɗebo jar ƙasa daga gindin dutsi a zuba, a daddaɓe da itace, dorina tana yawo a baya. Guzurinka daga gidanku, in ya ƙare ruwanka. Mata suna jido ruwa, suna daka wa gardawan bariki. Ba a soke aikin dole ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta fito a watan Afrilu na 1946. Mutumin da ya yi wannan aiki, in ya ji ƙugin mota daga nesa, daji yake shiga. Wa zai gaya masa cewa wannan abu zai iya zama sadaka?

Wata mai bincike daga Amurka, Adeline Masquelier, wadda ta zauna a Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta rubuta yadda mutanenmu ke danganta haɗurran babbar hanya da iskokin da aka sare musu itatuwa aka rushe musu gidaje lokacin aikin. Wasu ƴan boko suna jin kunyar wannan magana. Ni ba na ji. Hanyar ta ci mutane tun ana gininta, tana kuma ci har gobe tsakanin Doso da Ƙonni, kowa da irin bakin da yake faɗin haka.

Motar Ingila da Arewa ta sani da gaske ba ta alfarma ba ce. Land Rover ce, wadda aka fara ƙerawa a 1948, kuma ita ce ta fara wanke wa mota suna a ƙauyukanmu. Mahaifina ya fara da karen mota, ya zama direba, ya ƙare yana tuƙa ta ma'aikatan lafiya masu yawon lamba da allurar sanƙarau. Na san motar nan ciki da waje. Jikinta na sanholo ne, ba ya tsatsa, sai dai ya lotsa a buga shi da guduma ya koma. Tayar safaya a kan bonet, salkar ruwa a rataye a gefe iska na sanyaya ta, faranti biyu na ƙarfe don rairayi. Kusa da giya akwai wasu sanduna biyu, ɗaya mai jan kai ɗaya mai rawaya. In an iso yashin dallol sai Baba ya tsaya, ya rage iskar tayu, ya danna mai rawayar ko ya ja mai jan, motar ta riƙa tafiya a hankali tana gurnani har ta fita. In batir ya mutu akwai hannu da ake zura wa ta gaba a murɗa. Da filaya da waya da tsohon tiyub Baba yake gyara rabin cutarta a gindin gawo.

Ba a aike shi ɗaukar marasa lafiya ba, amma bai taɓa dawowa daga daji babu su ba. Mace mai naƙuda kwana biyu, yaron da maciji ya sara, tsohon da fitsari ya ɗaure wa. A shimfiɗa tabarma a baya tsakanin akwatunan magani, uwar miji ta riƙe kai, a kama hanya. Mutanen da iyayensu ke gudun mota sai ga su suna tsayawa a bakin hanya suna ɗaga mata hannu. Da yunwar 1973 da 1974 ta zo, wadda ta kai ga sojoji suka kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya hau, manyan motoci ne suka riƙa shigo da jar dawar agaji har garuruwan da ba su taɓa ganin taya ba. Daga nan mota ta samu fuska biyu a idon talaka, ta iko da ta ceto.

Sai arziki ya sauya hannu. Kuɗin uraniyom, fataucin Najeriya, Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna tun 1975, daga baya motocin Kwatano da ke shigowa ta Gaya. Alhazai suka gaji sarakuna wajen kyautar abin hawa, kuma suka gaji salon duka: a tara jama'a, a kira maroƙa, a miƙa makulli a ɗaga shi sama kowa ya gani. Mawaƙi ya samu, malami ya samu, amarya ta samu. Da dimokuraɗiyya ta zo a farkon shekarun 1990, ƴan siyasa suka shigo layi, ƴan ƙasa mazauna waje da garuruwan Turai masu ƙawance da namu su ma suka shigo. A nan ne aka ɗauko abin da asalinsa sadaka ne, wato ceton mara lafiya, aka sa masa rigar kyauta. Motar asibiti ta zama dokin zamani: a rubuta sunan mai bayarwa da manyan baƙaƙe a gefenta, a yi kiɗa, a yi jawabi, a watse. Ba mai tambayar dawa.

Na koyar a lakkol shekaru masu yawa, da na huta aka sa ni cikin kwamitin da ke kula da kuɗin likita, wato ƙaramin asibiti, ta wani gari da ba zan faɗi sunansa ba. A bayan ɗakin haihuwa akwai wata motar asibiti da aka kawo daga Turai da kyakkyawar niyya. Ƙasa-ƙasa take, an yi ta don titin birni, cikinta yana taɓa yashi tun ba a bar gari ba. Ta yi aiki ƴan watanni, wani ƙarfe ya karye a ƙafarta, aka nema a Dutsi babu, a Yamai babu, a Sakkwato babu. Tun bayan karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 duk abin da za a yi odarsa daga waje kuɗinsa ya ninka. Aka ɗora ta a kan bulo ana jira. Batir ya fara tafiya, sai tayu, sai fitilu. Da na gan ta kaji ne ke ƙwai a kan gadon mara lafiya, sunan masu kyauta kuwa yana nan raɗau, rana ba ta ci shi ba. Ba a iya sayar da ita ba, don ba wanda zai sa hannu a ce shi ya sayar da kyautar baƙi. Talakan kakana ne ya dawo, wannan karon gari guda ne.

Abin da ya ceci mata a yankinmu bai da kyan gani a hoto. A likitoci da dama na jihar Doso an ɗora dala ashirin ta sefa a kan kuɗin duk wanda ya zo a duba shi, ana tara su a akwati daban don man motar da za ta kai mara lafiya babban asibiti. Gwamnatin Tandja Mamadou ta mai da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, ta ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006, amma tiyata kyauta ba ta da amfani ga macen da ke da kilomita 60 na yashi tsakaninta da wuƙar lokotoro. Dala ashirin ɗin nan ita ce dawar. Da ita muke sayen mai, sau da yawa wajen ƴan ruwa-ruwa masu kwalabe a bakin hanya, da ita ake liƙin taya, da ita direba ke cin abinci in dare ya yi masa a Doso. Da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, kwalbar ta yi tsalle, akwatin ya fara kasawa. Inda mota ba ta zuwa kuwa, har yanzu amalanken shanu da kabu-kabu ne ke fito da mai naƙuda bakin gudron.

Ana cikin haka wani ɗan garin, ɗan kasuwa da ya yi arziki a bakin teku, ya zo gida da Sallah ya aiko a kira ni. Tsohon ɗalibina ne. A ƙofar gidansa ga wata Range Rover irin ta farko-farko, koriya, kujerun fata, katako mai sheƙi a gaban direba, ya riƙe ta da kyau kamar amarya. Bayan gaisuwa ya ce:

"Mushe, motar nan na daɗe da ita, na sayi wasu. Ina so in ba likita sadaka, ladan ya je wa mahaifiyata."

Na yi wa Hajiya addu'a, sannan na ce masa: "Alhaji, Allah ya karɓa. Amma in ka ba mu ita, wata uku ba za ta yi ba. Ba laifin motar ba ne. Mai take sha irin na masu hali, kayanta ba a Dutsi suke ba, gadon mara lafiya kuma ba zai shiga ba sai an ciro kujerun nan da kake so. Irin wannan yanzu masu tara tsofaffin motoci nemanta suke. Tun da aka daina ƙera tsohuwar Land Rover a Ingila a farkon 2016, duk danginta na da sun yi daraja. Ka sayar, ka ba mu kuɗin, mu yi shekaru muna kai mata asibiti."

Ya yi shiru yana juya makulli a hannu. Ya ce: "Mushe, kai malamina ne, ba na musu da kai. Amma ranar da aka ji na sa motata a kasuwa, kafin la'asar an ce na karye. Masu ba ni kaya bashi a Kwatano za su ji kafin in koma."

Ba ni da amsar wannan, don gaskiya ya faɗa. Baturen da ya kai motarsa gwanjo yabo yake samu, jarida ta buga, hukumar haraji ma ta sassauta masa. Ɗan kasuwarmu jarinsa sunansa ne, motar da ke ƙofar gida kuma tana cikin sunan. Na so in ce masa sadakar ɓoye ta fi lada, sai na tuna ba ladan ne ya dame shi ba, masu bashi ne.

Bayan kwana biyu ya yanke shawararsa, ba tawa ya bi ba, ba kuma tasa ta farko ba. Range Rover ya kai wa mai garin kyauta, da kiɗa da maroƙa da tukuicin direban da ya tuƙo ta, ya kuma ɗauki nauyin manta da gyaranta, don ya san abin da ake cewa game da doki. Ita likitar kuwa, ya sa yaronsa na kanti ya riƙa aiko mata da jarka huɗu na gazuwal duk ƙarshen wata, ba rubutu ba jawabi, don tsohuwar motar gwamnati da muke lallaɓawa. Mai gari yana fita da tasa ranar idi da ranar da gwamna ya zo. Gazuwal ɗin yakan makara in kasuwa ta yi sanyi, ya taɓa yankewa wata biyu lokacin da aka rufe iyakar Benin, sannan ya dawo jarka uku. Majo, mai kula da likitar, yana rubuta kowace a littafinsa, ni ina sa hannu a ƙasa.